Maraƙin Goggo Hajo

Tun da na dawo Bodinga ban huta da tambaya ba. A wurin aiki, a gidan suna, har a bakin famfo: "Kulu, wai da gaske hutu kika ɗauka saboda ɗan maraƙi?" Da gaske ne. Masu dariya sun yi, ban kuma hana su ba, don da wata ce ta yi haka da na fi kowa tsokanarta. Amma na gaji da ba da labarin guntu-guntu a tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, mai son ji ya karanta ya bar ni in sha ruwa.

Goggo Hajo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama har na tafi makarantar kwana. Tana zaune a wani ƙauye bayan Shagari, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Mijinta ya rasu, abin da ta mallaka saniya ɗaya ce mai suna Ƙyalla. Da nonon Ƙyalla take dama furar sayarwa, da shi take ci take sha ba ta roƙon kowa. Wanda bai zauna da shanunmu ba bai san cewa saniya ba ta sakin nono sai ɗanta na gefenta, ya fara tsotsa tana lasar sa. In ɗan ya mutu, sai ta ɗauke nono sai wata haihuwar, ga shi Ƙyalla ta tsufa, ba mai rantsuwa za ta sake haihuwa.

Goggo ba ta taɓa kirana don ciwon jikinta ba. Da ta karɓi wayar ɗanta Buba ta ce mini, "Kulu, maraƙin ga zawo shikai, ya ƙi tsayawa, mun ba shi magani har mun gaji," na san ba maraƙi kaɗai ke kwance ba. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ɓangaren yara, ta mutane ba ta dabbobi ba. Duk da haka na kwashi ƙullin gishiri da suga irin wanda muke ba yara masu gudawa, na ɗauki kular ruwan sanyina, na nufi tasha.

Ni mutum ce mai gaggawa, kowa ya san ni da wannan, tashar Bodinga kuwa ba ta san gaggawa ba. Direba ya ce saura mutum ɗaya. Mutum ɗayan ya zo, ya ce saura mutum ɗaya. Na sauka na zaga motar, na hau, na sake sauka. Da muka tashi, buhun albasa ne a ƙarƙashin ƙafata, a bayana kuma wani dattijo da ragonsa, ragon yana ta tauna bakin mayafina.

Daidai Dandin Mahe motar ta yi zafi, muka tsaya direba yana yi mata ɗurar ruwan leda. Kafin ƙura ta lafa wani mai tallan magani ya leƙo ta taga da tire a kansa, cike da kafso ja da rawaya.

"Na ciki, na zawo, na mutum, na kaza, na akuya! Dut ɗaya na!"

Dattijon ya sayi cikin tafin hannu. Na ce, "Baba, mi ka damun ragon?"

"Lahiya tai lau. Don kar shi kamu na."

Na buɗe baki zan yi wa'azin da nake yi wa iyaye mata kullum, sai mai tallan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, in ba ki saye, bar masu saye." Motar ta yi dariya, na haɗiye maganata ina huci.

A Shagari na tarar da ofishin likitan dabbobi a kulle. Aka ce yana kara, inda ake cinikin shanu. Na shiga tsakanin ƙahonni da tattare zane har na gano shi, wani siririn mutum mai dogon takalmin roba, Malam Nasiru, yana buɗe bakin wani sa yana duba haƙora. Bai yi mini magana ba sai da ya gama da san nan ya wanke hannu. Irin mutanen nan ne masu auna kowace kalma, na ji kamar in taya shi ƙarasa zancen.

Ya tambayi abin da aka ba maraƙin. Na kira Buba, na yi sa'a yana inda sabis ke kamawa, ya lissafo: kafso ja da rawaya, farin garin da ake ba kaji, allura mai ruwan ƙasa-ƙasa, da wasu waɗanda shi ma bai san kansu ba. Malam Nasiru ya girgiza kai. Ya ce shi kaɗai ne a kara, ba zai iya bina ba. A daina ba shi komai sai ruwan gishiri da suga da nonon uwarsa. Ya miƙo mini wata 'yar kwalba, ya ce in ɗebo kashin maraƙin da sassafe, in sa a ƙanƙara in kawo, zai aika ɗakin gwaji a Sakkwato a gano maganin da ya rage yana ci.

Na ce, "Har yaushe?"

"Hajiya, ƙwayoyin cuta ba su san kina sauri ba. Sai an shuka su sun tsiro, sannan a gwada musu magani ɗaya-ɗaya."

Na sayi ƙanƙara wurin mai zoɓo, na naɗe ta da buhu na cusa a kula. Buba ya zo ɗaukata da babur. Ni 'yar namiji ce shi ɗan mace, don haka taubashina ne kuma bawana, ko ya so ko ya ƙi.

"Uwargijiya, kin ƙara nauyi hwa. Babur ɗin ga haya na ba jaki ba."

"Ja mu tai, bawa, kar in sayas da kai cikin karar ga."

Tsakanin Shagari da ƙauyen akwai wani rafi, shi ne iyakarsu da duniya. Da rani rairayi ne, da damina kuwa sai abin da ya ga dama. Ruwan farko bai daɗe da sauka ba, don haka iyakarsa idon sawu, na sauka na taka Buba ya tura babur.

Na sami maraƙin kwance a inuwar rumbu, gindinsa duk ya ɓaci, idanunsa sun faɗa. Na ja fatar wuyansa na saki, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba, daidai yadda ta yaro ke yi in ruwan jikinsa ya ƙare. Tsoro ya kama ni. Ƙyalla na ɗaure a turke tana kallonsa tana wani ƙaramin kuka a maƙogwaro. Goggo kuma ta rame, zanenta ya zagaye ta har da ragowa. Ban ko cire mayafi ba na haɗa ruwan na fara ɗura masa kaɗan-kaɗan. Da yamma muka tallabe shi ni da Goggo ya kama nonon uwarsa, ya ɗan tsotsa, Ƙyalla ta saki, aka tatsi abin da bai kai rabin ƙwarya ba.

A nan na sake ganin wata al'adar da na daɗe da mantawa. A Bodinga in dabbarka ba lafiya, kai da ita ne. A ƙauyen su Goggo kuwa ana zuwa dubiyar dabba kamar ta mutum, kuma ba a zuwa hannu sake. Kowace mace ta yi sallama sai ta kwance bakin zane ta fito da ragowar magani, na ɗanta ko na mijinta ko na kajinta. Kuma sai an ba majinyacin a gabanta, in ba haka ba kamar an ce ana zargin hannunta. Da haka maraƙin nan ya sha maganin rabin gari, Goggo tana godiya.

Na karɓi aikin tarbar baƙi. Ina cewa, "An gode, Allah shi bar zumunci, za a ba shi an jima," ina jefawa a wani tsohon kwano a bayan ƙofa. Wata tsohuwa ta ƙi tashi, ta ce sai ta gani da idonta. Da na ce likita ya hana, ta karɓe abinta ta ɗaure.

"Hajo, ashe ɗiyar taki ta hi mu son maraƙin," ta ce, ta fita ba sallama.

Na ga kunya ta kama Goggo, ni ma na ji ba daɗi.

Washegari na ɗebi abin da aka aike ni. Ƙanƙarar ta narke saura 'yar dunƙule, na ce wa Buba ya murɗa. A shingen 'yan sintiri wani mai bindigar gida ya tsayar da mu ya nuna kula.

"Mi ac ciki?"

"Kashin maraƙi na," na ce.

Ya ɗauka raini ne, ya buɗe da kansa. Ya ɗaga kwalbar ya duba, ya dubi Buba, ya dube ni da mayafina mai tsada, ya mayar a hankali ya rufe. "Ku wuce. Hajiya, Allah shi ba ki lahiya." Buba ya yi dariya har babur na tangal-tangal, ya ce daga yau sunana Hajiya mai tsaraba.

Na miƙa wa Malam Nasiru muka koma, sai jira. Ban iya jira ba. Waya ba ta samun sabis sai a kan wani tudu bayan gari, na mayar da tudun nan ofis, ina hawa ina sauka har matan gari suka fara tambayar Goggo ko lafiya nake. Gadon kara, sauro kamar an aiko su, abinci hoce da miyar kuka, wani lokaci kwaɗon zogale. Maraƙin yau ya ɗaga kai in yi murna, gobe ya kwantar in rasa inda zan sa kaina.

Ranar Juma'a da safe na bi Buba rijiya shayar da Ƙyalla. A bakin rijiyar akwai dogon kwamin siminti inda dabbobin gari duka ke shan ruwa. Na ga wani mutum ya zo da leda, ya farke ƙulle-ƙullen garin magani yana zazzagawa a kwamin, yana motsawa da sanda har ruwan ya koma rawaya. Mutane na ta cewa, "Allah shi saka ma Alhaji." Shanu da tumaki da awaki suka dunguma suka sa baki.

"Buba, mi na na wanga?"

"Sadakar Baffa Alhaji ta. Kowace Juma'a, shekara da shekaru. Talakan da ba shi iya sayen magani, dabba tai ta sha kyauta."

Wata mata da ke ɗibar ruwa ta ƙara mini da cewa abin mamaki, madarar ranar Asabar ba ta cika kamawa ta zama kindirmo ba, sun daɗe suna ɗora laifin a kan bakin mutane.

Na tsaya ina kallon kashin da ke jibge kewaye da rijiyar, kaji na tono, 'yan maruƙa na lasar ƙasa. Abin da nake faɗa wa iyaye mata a asibiti ne, sai dai ban taɓa ganinsa shimfiɗe a gabana haka ba. A hanjin kowace dabba akwai ƙwayoyi, masu amfani da masu cuta. In ana ba su magani kaɗan-kaɗan ba ciwo ba dalili, raunanan ne ke mutuwa, masu taurin kai su rage su hayayyafa, har su koya wa wasu taurin kan. Su fito a kashi, su shiga ruwa, su shiga cikin ɗan da aka haifa jiya. Ranar da ciwon gaske ya zo, magani ya tarar duk an san shi.

Baffa Alhaji ɗan'uwan kakanmu ne, attajirin garin, kuma mutumin kirki, wannan ba na musu. Na ja Buba muka je gaishe shi. Na tuɓe takalmi tun daga zaure, na durƙusa nesa, muka yi gaisuwa doguwa, gida da aiki da ruwa da mutanen Bodinga ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe na ce, "Allah shi ƙara ma Baffa girma, wata 'yar magana ta game da kwami."

Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sannan ya ce shekarar da ciwo ya shiga garken garin, ya ga mutane na kuka kan gawar shanu, ya yi alkawari tsakaninsa da Allah in ya sami hali ba za a sake ba.

"Ke ɗiyar ga, allurar da kuka yi ma yara can asibiti, kamin ciwo kuka yin ta ko bayan ciwo?"

"Kamin ciwo, ranka shi daɗe."

"To, ni mi niy yi daban?"

Na yi ta kame-kame. Na ce waccan koya wa jiki faɗa take yi, wannan kuwa koya wa cutar yake yi. Na ga maganar ta shige shi, na kuma ga ta yi masa ciwo. Ya daɗe yana jan carbi.

"Kina nuhin ni nik kwantar da maraƙin Hajo?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce ba ya warware alkawarin Allah da maganar yarinya, a turo masa likitan da kansa ya ji daga bakinsa. Jikata ta fara tafiya, amma a zauren nan yarinya ce ni. Har yau ban sani ba ko na gyara ko na ɓata.

Da kiran Malam Nasiru ya shigo ina kan tudu, ya ce in zo. Na gangaro da gudu. Maraƙin ranar ko kai ba ya ɗagawa. Na nuna wa Goggo yadda za ta ci gaba da ɗura masa ruwan, na ce yanzu zan dawo da magani. Ta ce, "Allah shi kiyaye hanya," ba ta ɗago ta dube ni ba.

Buba ya kai ni Shagari, Malam Nasiru ya nuna mini hoto a wayarsa. Wani ɗan faranti ne an shafe shi da ƙwayoyin cikin maraƙin, an jera ƙananan fararen ƙwayoyin magani a kai. Ya ce duk wanda ke aiki, za a ga fili kewaye da shi inda cutar ta kasa matsowa. Na duba. Cutar ta mamaye su har wuya, kafso da garin kaji da allurar duka, guda ɗaya tak ke da fili. Wannan ɗin kuma babu shi a Shagari, ya riga ya sa an ba wani direba ya taho da shi daga Sakkwato. Na faɗa masa zancen kwami, ya ce zai je wurin Alhaji ranar da ba kasuwa, ya kuma ce kada in bar kowa ya taɓa ragowar wannan maganin.

Na koma tasha na tsaya. Duk motar da ta shigo sai na tare ta. Gabas ta fara haɗa hadari, Buba na kallon sama yana kallona, ya daina tsokana. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, direban bai iso ba sai da aka ɗauke, dab da magariba. Na karɓe ledar muka kama hanya cikin taɓo. Tun daga nesa muka jiyo rafin yana ruri. Ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa, mutane tsaitsaye a gaɓa biyu ba mai shiga. Na ce zan gwada. Buba ya riƙe mini hannu da ƙarfi.

"Kulu, in kin shiga, mi za ni ce ma Inna?"

Tun muna yara ban taɓa jin ya kira sunana kai tsaye ba. Muka juya.

Na kwana a Shagari wurin Rabi, wadda muka yi makarantar koyon aikin lafiya tare. Ta yi mini tuwon shinkafa da kifin dam, ta ba ni gadonta, Allah ya saka mata, amma ban san ɗanɗanon tuwon ba, gadon ma ban more shi ba. Goggo ba ta da waya, mai wayar yana tare da ni, ba wanda zan tambaya.

Da gari ya waye ruwan ya sauka zuwa ƙugu. Maza suka ɗaga babur a kafaɗa, ni na ɗaure maganin a mayafi na aza a ka na shiga. A tsakiya laka ta cire mini takalmi ɗaya, ban tsaya nema ba. Da muka isa bakin gari ban jira Buba ya kashe babur ba na dira.

Tun daga zaure na jiyo ƙarar nono yana zuba a ƙwarya, tsirrr, tsirrr. Na leƙa. Ƙyalla a turke, Goggo tsugune a ƙarƙashinta, ga maraƙin tsaye da ƙafafunsa a gefen uwarsa tana lasar bayansa. Daɗi ya kama ni har na kusa yin guɗa.

"Goggo! Ya tashi?"

"Yi a hankali," ta ce ba ta waiwayo ba. "Kar ki hirgita ta."

Na matso. Maraƙin bai motsa ba. Ƙafafunsa sanduna ne. Fatarsa ce aka feɗe aka cusa mata harawa, aka ɗinke cikin da zare, aka shafa gishiri a gadon bayan don uwar ta lasa. Inda idanu suke, ramuka ne.

"Jiya da la'asar, ana tsakar ruwa," Goggo ta ce. "Na kira mahauci tun bai yi sanyi ba. Hakanan iyayenmu ka yi."

Na tsaya da ƙafa ɗaya ba takalmi, magani a ka, ruwa na ɗiga daga zanena. Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Na ce, "Har yaushe za ta yarda?"

"Har randa ƙamshi nai ya ƙare. Wata sati, wata wata guda. Bayan nan Allah na nan."

Iska ta taso, abin ya karkata zai faɗi. Ƙyalla ta ɗaga kai ta daina lasa, nonon ya tsaya cak a hannun Goggo.

"Kulu, aje kayan ga ki riƙa man shi."

Na sauke maganin a ƙasa, na durƙusa na rungumi fatar na tsayar da ita daidai. Ƙyalla ta shinshina, ta daɗe tana shinshinawa. Sannan ta miƙo harshe ta lashi bayan ɗanta, ta haɗa da hannuna, nono ya ci gaba da zuba.